Mai Ruwan Ƙasa

Tun watan azumi wuyan hannuna ke kai ƙara.
Shekara tara ina buga takardun rantsuwa
a wata rumfa bayan kotu, nan Kumasi,
kan allon roba mai laushin tuwon da bai nuna ba.
Ka danna, ba ya ce maka ya ji,
sai ka ƙara dannawa, har kafaɗa ta ɗauka.

Akwasi mai shago a Adum ya jera mini uku,
ya cire wa kowanne hular harafi ɗaya
kamar mai nuna haƙoran rago.
"Anti, kar ki tambaye ni. Tambayi yatsunki."

Shuɗin ya ce ƙas, ƙas, ƙas.
Sai ga Baba a bakin gidan waya,
tafireta bisa akwatin sabulu,
yana buga wa 'yan dako wasiƙa zuwa Bawku,
ƙararrawa na kaɗawa a ƙarshen kowane layi.
Saura kaɗan in ce a naɗe mini.
Amma ɗakinmu ɗaya ne a Aboabo,
aikin da rana ta bari dare ke ƙarasa shi,
Inna Barira kuwa barcin zomo gare ta.

Jan ba ya magana.
Yatsa ya zarce kamar an taka miyar kuɓewa.
Na buga sunana, ya fito da wasali uku a jere.
A aikina harafi ɗaya
kan mai da gonar wani ta wani.

Na ukun, mai ruwan ƙasa,
akwai ɗan tudu a rabin hanyarsa,
kamar dokin ƙofar gidan da ka saba shiga,
yana raɗa wa yatsa: ya isa, koma.
Na buga layi biyu.
Na lura kafaɗata ta sauko da kanta.

Sidi ɗari shida, in ji shi.
Na taya ɗari huɗu, ya dafe ƙirji.
Muka rabu a ɗari biyar da ashirin,
da ɗan ƙarfen cire huluna a matsayin gyara.

Na ce ina ƙa mai lanƙwasa, ina ɗa, ina ɓa?
Ya duba sama da ƙasa, har ya kifa allon.
Bar shi, Akwasi.
Baba da biro yake bi yana yi musu ƙugiya.
Ni zan koya wa na'ura,
in ɗiga jan farce a kan ukun don kar in manta.

Daren nan an ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Batir ya rage rabi, takarda shida na jira.
Ina bugawa a duhu, tudun nan na yi mini jagora,
taf, taf, taf, a hankali.
Inna ta juya bisa katifa, ido rufe:
"Yayyafi aka fara?
Tashi ki kwaso shanya."