Bakuna Huɗu, Yatsu Goma

Kafin ladanin Adenta ya gyara murya
na riga na taka kashin shanu da ƙafar hagu.
Tocila a goshi, bokiti biyu a hannu,
raɓa tana lasar idon sawuna.

Shanu tara gare mu. Da sha ɗaya ne:
kuɗin makarantar Barira ya ci guda,
asibitin Baba ya ci wadda ta fi su nono.
Turakunsu biyu na nan, ba wanda ya tuge.

Injin tatsa yana ƙarƙashin rumfar kwano.
Ɗan gwanjo ne, Kawu Zakari ya kawo shi daga Tema
da takardar da duk gidan ba mai iya karanta ta.
Bakuna huɗu, ciki ɗaya na ƙarfe,
yana numfashi kamar tsohon da ya hau tudu.
Bututunsa ya tsage bara da damina,
na naɗe shi da robar tayar keke,
har yau wannan ɗauri ne ke ciyar da mu.

Ruwan ɗumi, farin tsumma, a wanke hantsa.
Dusa da ɓawon rogo a rabin durom,
ɗan barbaɗin kanwa don baki ya yi daɗi.
Takwas suna tsayawa, suna tuƙa, ba ruwansu.
Ta tara, 'Yar Tulaku, ba ta san wannan zance ba.
Ranar da na kai mata bakin roba
ta rubuta min amsa a ƙwauri,
tabon na nan, ana iya karantawa.

Ita sai Inna Hajo.
Kujera 'yar tsugunno, ƙwarya tsakanin gwiwoyi,
goshi a jikin saniya kamar mai raɗa.
Tsirr, tsarr, kumfa na tashi.
Ban taɓa jin abin da suke faɗa wa juna ba.

Sai tata. Kyalle ya kama gashi da ƙuda ɗaya.
Jarka uku a bayan babur,
na kutsa tsakanin torotoro da masu tallan biredi
zuwa Madina, wurin mata masu burkina.
Hajiya Sahura takan tsoma yatsa ta ɗanɗana,
ta harare ni ko da ba ta ji ruwa ba,
ta ƙirga sidi tana cewa jiya ya fi kauri.

Da azahar aka ɗauke wuta.
Firiza ta yi shiru da tatsar da ta rage a cikinta,
janareta ya yi tari biyu ya ce babu mai.
Ni ina lissafin asara a bayan kwali,
Inna ta riga ta tsallaka kwata
ta karyo tumfafiya.
Tukunya, itace, haƙuri.
Madara ta tsinke, ta haɗa kanta,
ƙaramin kwando ya ba ta siffa,
karan dafi ya shafa mata ja.
Kafin la'asar wagashi sha bakwai na kan faranti,
na yage kwalin na hura wuta da shi.

Inda muke yankan ciyawa shekaran bara
yanzu katanga ce mai waya a ka.
Ran Talata wani mai farar mota ya zo da igiyar awo,
ya toshe hanci, ya tambayi farashin fili.
Baba daga kujerarsa ya ce masa:
ka tambayi masu wurin, ga su can suna tuƙa.

Magariba. Na kwance injin gaɓa-gaɓa,
ruwan zafi, sabulu, buroshi mai dogon wuya,
na rataye bakunan huɗu suna ɗiga.
Inna tana shafa man kaɗe a yatsunta,
na ga babban yatsan ya fara ƙin lanƙwasa.
Ba ta ce komai ba.
Ta dai turo min kujerar da ƙafa,
ta ce gobe in zo da wuri, in bar tocila a ɗaki,
'Yar Tulaku ba ta son haske a ido.