Karkatar Motar Baba

Motar da Baba ya bar mana ta karkata hagu,
kamar tsohuwa mai saurare ta bayan danga.
Buhu goma na aya na ɗora mata a Jiratawa,
kafin in kai kasuwa uku sun zame,
sun taru gefe guda kamar masu gulma.

Na kai ta garejin Nomau a Sabon Gari.
Bai taɓa ta ba.
Ya ja da baya, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya,
ya ce, matsar da ita, nan wurin gangare ne,
kada mu ɗora wa mota laifin ƙasa.
Na matsar. Ba ta sake ra'ayi ba.

Illa, yaronsa, ya bi tayu da ma'auni,
huɗu duk cikinsu ɗaya.
Nomau ya karyo karan dawa,
ya gwada daga ƙasa zuwa leɓen akwati,
dama, sannan hagu,
ya sa farce inda karan ya tsaya.
Yatsa uku ne tsakaninsu.

Na ce amatisa ce, haka aka faɗa mini a tasha.
Ya ce amatisa ba ta ɗaukar kaya,
rawa kawai take hanawa.
Wanda ya faɗa maka, shayi yake sayarwa?

Aka kafa kirik, mota ta ɗaga ƙafa.
Ya shige ƙarƙashi da tocila a baki,
yana ƙirga lam da ƙarfi kamar mai biyan bashi:
bakwai a dama, bakwai a hagu.
Ya ƙwanƙwasa kowace da sifana,
duk suka amsa da murya ɗaya, ba mai tsaga.
Ya bi shasi da tafin hannu
yadda ake laluben karaya a ƙafar akuya.
Miƙe yake.

Shiru ya yi tsawo.
Har mai ƙosai ta kwashe kaskonta.

Sai na ji dariya daga ƙarƙashin mota.
Zo ka gani, ɗan Rabe.
Na kwanta cikin baƙin mai da rigar Juma'a.
Tsakanin akwati da shasi,
inda roba ya kamata ta zauna,
guntun itace ne, an sassaƙe shi da gizago,
an huda shi, an zura noti.
Na dama kirya ce, tana nan kamar jiya.
Na hagu gawo ne,
ruwan damina ashirin ya cinye shi,
ya zama gari a hannun Nomau.

Na san ranar.
Hanyar Dakwaro, ina ɗan shekara tara,
akwati na ƙara kamar zai rabu da mu.
Baba ya shiga daji da gatari,
kirya ɗaya ya samu, rana na faɗuwa,
ya ce wannan ya riƙe mu zuwa gida,
gobe sai a sake.
Goben ce ta kai yau.

Jika huɗu, in ji Nomau, har da roba sabuwa.
Na biya ban yi ciniki ba,
abin da Baba ba zai yafe mini ba.
Kiryar na sa a aljihu.

Da la'asar na shigo unguwa,
mota tsaye cak kamar sojan fareti.
Inna na ƙofar gida tana tsince wake.
Ta ɗaga kai, ta duba, ta mayar.
Sai da na yi oda sau biyu.

Ta ce, ban gane ta ba.
Daga nesa nake sanin tahowarsa,
kafaɗa ɗaya ƙasa, shi da motar duka.
Ta zuba tsakuwar a gefe,
ta ce in shigo da buhunan kafin hadari ya iso.