Wadda Ba Ta Faɗa Wuta Ba

Dare na goma sha ɗaya a kan duwatsun Alai.
Toktosun ya ɗaure farin zane tsakanin sanduna biyu,
inji ya yi tari, ya kama, fitila ta buɗe ido.
Sanyi na cizon kunne.
Can ƙasa dawaki na huci cikin duhu,
mu kuma muna jiran baƙin da ba su san an gayyace su ba.

Suka zo. Waɗanda na sani na gaishe su da sunansu,
wannan tun ina ɗaliba, wancan bara a wani kwari.
Sai ga wani ya sauka a bakin zane
kamar mai jin nauyin shiga taro.
Launin toka, tokar da ta kwana a murhu,
zare ɗaya ruwan tsatsa ya ratsa fiffikensa,
ya karye sau biyu kafin ya kai gefe.
Na ce, Toktosun, karɓi tocilar nan,
hannuna ya ƙi tsayawa.

Wata bakwai a Bishkek ina jan akwatuna.
Ɗan'uwansa na rana ne malam-buɗe-littafi,
amma na daren ne ya hana ni rufe nawa.
Na auna: milimita ashirin da uku, baki zuwa baki.
Na ƙirga jijiyoyin fiffike har idona ya yi ruwa.
Na buɗe ƙarshen cikinsa a ƙarƙashin madubi,
inda kowane iri ke ɓoye ɗan makullinsa,
na gwada shi a duk ƙofar da magabata suka zana.
Ko ɗaya ba ta motsa ba.
Ƙafarsa guda na aika nesa cikin 'yar kwalba,
amsa ta dawo a layi ɗaya: ba mu san shi ba.

To amma taran da na kama duk maza ne.
Ina matar gidan?

Da ƙanƙara ta janye na koma.
Dare ashirin fitila na ci, man inji na ƙarewa,
maza na faɗowa, maza kaɗai,
har Toktosun ya daina tambayata da safe,
sai dai ya miƙo nonon goɗiya, ya dubi sama.

Akmaral ce, 'yarsa, mai shekara tara,
ta bi ɗan rago da ya ɓace da tsakar rana,
ta dawo babu ragon,
tafinta a kife kan kofin shayi.
Ta ce, ga wani ƙwaro marar wayo,
an ba shi fiffike, yana gudu da ƙafa.

Na leƙa.
Fiffike guntu, bai kai ƙwayar sha'ir ba,
ciki cike da ƙwai, ƙafafu dogaye irin na gizo-gizo,
kuma ga zaren nan, ruwan tsatsa,
a taƙaice, ya karye sau biyu.
Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba.

A nan sama iska ba ta da wasa.
Wanda ya tashi, ta kan ɗauke shi ta zubar kan ƙanƙara.
Ita ta bar wa maza sararin da hasken da ke ruɗinsu,
ta riƙe ƙarƙashin dutse.
Shekaru nawa muna kunna fitila,
muna kiran zuriyar duka faɗa-wuta,
ita tana taku uku daga takalminmu?

Da dare na rubuta sunan da harshen Latin,
na jingina shi da na yarinyar, na karanta mata.
Ta yi dariya, ta ce ya yi tsawo ga abu kaɗan haka.
Sannan ta ce, gobe za ki mayar da ita gidanta?
Na san dutsen, na sa masa alama.

Allurar tana cikin aljihuna.
Na ce, je ki kwanta, Akmaral,
har yanzu ba a ga ragon ba.