Ragowar Zare

Duk ranar Alhamis Modi kan aiko yaro
daga shagonsa na bakin Tsohuwar Kasuwa
da ƙullin leda marar nauyi kamar hamma,
guntayen zaren da suka rage
bayan an gama wuyan rigar wani babba.
Aska takwas ta ci ta ƙoshi,
ni kuma a kawo mini suɗi.

Sai in zazzage a faifai ina tsinta
kamar mai fid da tsakuwa daga shinkafa.
Ga kore, kamu ɗaya.
Ga ruwan goro, bai kai taƙi ba.
Ga fari da ya sha gumin yatsa har ya dishe.
Babu wanda zai ɗaure bakin buhu a cikinsu,
to ni ma ba buhu ne a gabana ba.

Kwarashina da kaɗan ya fi tsinken sakace.
Tabarau biyu nake sawa, ɗaya bisa ɗaya,
in zauna gefen ƙofa
inda hantsi ke zubowa kan cinyata.
Shekara talatin da ɗaya ina ƙulla cibiya
a ɗakin haihuwa;
yatsun nan sun san ƙaramin ƙulli,
gwiwa ce kaɗai ta yi ritaya.

Gidan kuwa kwalin taliya ne.
Luba ta yanka masa ƙofa da reza, ta karkace,
ta ce ai tamu ma haka take.
Na saƙa tabarma, faɗin kwalin ashana,
da faifan da zai rufe marfin kwalba,
da labule shuɗi mai jan baki
don shuɗin ya ƙare ban kai ƙasa ba.
A wannan aiki ba ni ke zaɓen launi ba,
zare ne ke cewa iyakata ke nan.

Sai da na zo kan shimfiɗar gado
kwarashi ya tsaya.
Rawaya, siririn baƙi, rawaya kuma.
Ban shirya haka ba.
Hannu ne ya tuna abin da kai ya ajiye:
shimfiɗar gadon Inna a Rijiyar Ɗorowa,
ɗakin da ruwan Agusta ya kwantar
ina makarantar jinya,
ko hoto ɗaya bai bar mana ba.

Na sake leƙa kwalin.
Gado a kusurwar dama, nesa da taga.
Tabarma daidai inda take zaunar da ni
ta matse kaina da gwiwoyinta tana tsifa.
Marfin turare a bayan ƙofa, mazaunin randa.
Ashe wata uku ke nan
ina ta da ɗakin da ya faɗi
da zaren da ba mai so.

Luba ta dawo daga islamiyya,
ta yar da jaka, ta durƙusa.
"Kaka, don mi kinka aje gado nan?
Zahi za shi kashe min ɗiya!"
Da yatsa biyu ta ɗauke shi zuwa bakin taga.
Ta janye shimfiɗar Inna ta mai da ita darduma,
ta zaunar da 'yar tsanarta mai hannu ɗaya a kai.

Na buɗe baki.
Na rufe.
Inna ma, in an bi ta tata,
ta sha cewa ɗakin nan ba ya shan iska.

Yanzu gidan sauro take so,
wai ɗiyarta ba ta barci.
Na auna farin da ya saura,
ko gefe ɗaya ba zai rufe ba.
Na ce ta yi mata fifita tukuna,
mu jira Alhamis.
Allah ya sa cikin makon nan
wani babba ya ɗinka farar riga.