Igiyar da Ta Tsinke a Apiao

Ranar Talata ce, a tsibirinmu na Apiao,
ruwan sama bai ɗauke ba tun daren jiya.
Buhu shida na dankali na cikin kwale-kwale,
kasuwar Achao tana jira a ƙetaren teku.
Na dafe injin da hagu, na fizga da dama,
sai ga ni zaune daɓas a cikin jirgi,
mariƙi a hannuna,
guntuwar igiya na lilo kamar wutsiyar ɓera.

Mahaifina Evaristo yana kallo daga gaɓa.
Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara
magana ke fita bakinsa ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai ƙirga canji.
Ya ce, "Nolfa. Kwanto murfin. Kawo."

Noti uku ne. Biyu suka bi sifana ba gardama,
na ukun gishirin teku ya cinye masa kai,
sai da na ɗiga masa mai, na lallashe shi,
na kuma zage shi a ƙarshe, sannan ya juya.

A rumfar da muke shanya raga
na kife murfin a kan akwatin kifi.
Ya ɗaga yatsa zai ce kar in ɗaga faifan,
amma hannuna ya riga harshensa.
Fit! Sifirin ya yi tsalle,
ya mari kwanon rufi, ya warware a ƙasa,
kaza ta bar ƙwanta ta arce waje.

Sai na ji wani sauti da na manta.
Dariya ce, da rabin baki,
har hawaye na bin gemunsa.

Kusan awa guda ina naɗe ƙarfen nan,
zagaye bisa zagaye, daga waje zuwa ciki,
giris har gwiwar hannu, yanka biyu a babban yatsa.
Sau uku yana kuɓucewa.
A na huɗu ya kwanta a gurbinsa, ya yi lamo.

Baba ya haɗa guntayen tsohuwar igiyar a cinyarsa,
baki da baki, da hannunsa mai lafiya.
"Da tsohuwa," ya ce, "ake auna sabuwa."
Na yanka daidai tsawon.
Na kai bakin ga harshen kyandir,
ya narke, na murza shi da ɗanyen yatsa har ya yi tsini.

"Murɗa faifan." Na murɗa.
Yana ƙirgawa da ƙafa a kan katako.
Ɗaya, biyu, har biyar,
ƙarfen na ja da ni kamar ɗan maraƙi a turke.
Na soke ƙusa ta tare shi,
na zura igiya ta huda, na yi ƙulli,
ya girgiza kai, na kwance, na sake.

Mariƙin dai tsohon ne.
Shekara goma sha tara ta yi masa kwarmi biyu
a inda yatsunsa ke zama.
Nawa sun yi musu ƙanƙanta.

"Kar ki saki. Raka ta."
Na zare ƙusa, na raka ta a hankali,
murfin ya haɗiye ta har wuya.

Kafin in mayar da noti, ruwa ya fara janyewa,
laka ta soma leƙowa a gindin turaku.
Igiyar ruwa ba ta jiran igiyar kowa.
Na ja kaɗan, sai da na ji haƙori ya kama,
sannan na fizga.
Tari. Shiru.
Na sake.
Shuɗin hayaƙi ya kwanta a kan teku.

Da na waiwaya daga tsakiyar mashigi
ya riga ya juya baya, yana jan ƙafa,
yana ɗaure ƙyauren garken tumaki
da doguwar guntuwar.
Gajeren yana aljihuna har yau,
ban san me zan yi da shi ba.