Kiɗan da Ba Shi da Makaɗi

Tanimu ya zo hutu daga Ngaundere,
ya ari wayata zai kira abokinsa,
ya mayar mini da ita ɗauke da baƙo.
Ban sani ba sai ranar Talata,
da wuta ta ɗauke a Yelwa,
injina na niƙa ya yi shiru,
mata suka jera kwanukan masara suka tafi.

Na zauna kan buhun dusa,
na latsa don in ji labarai.
Sai ga wani bugu:
dum, dum, dum, dum,
kamar ana daka a gidan da ba kowa.

Na jira mawaƙi.
Ni dai a sanina kiɗa sharar fage ce,
mai murya yana tafe a baya
da sunan wani attajiri a bakinsa.
Na jira har shayina ya huce.
Ba wanda ya zo.
Ba a yabi kowa ba, ba a yi wa kowa habaici ba,
ba a roƙi ko sefa hamsin ba.

Can sai abin ya fara hawa,
yana sirancewa, yana ƙara sauri,
kamar babbar mota ɗauke da auduga
tana jan tudu a giya ta ɗaya,
har na riƙe numfashi ina taya ta.
Sai tsit.
Na ɗauka batir ne ya mutu.
Ina kai hannu
ya rufto gaba ɗaya
kamar Binuwai a watan Agusta,
'yar wayar tana kakkarwa a tafina.

Na waiga ko wani ya gan ni.
Akuyar Hamajoda ce kawai, tana lasar gari.

Da dare na tambayi yaron:
Wane ne makaɗin? Ɗan wane gari?
Gadon gidansu ne, ko haye ya yi?
Ya yi dariya har ya ƙware da ruwa.
Kawu, babu fata, babu gula.
Mutum ɗaya ne da kwamfuta a cikin ɗaki,
wataƙila ma yana hamma.
Ya jero mini sunayen ire-iren kiɗan,
ban riƙe ko ɗaya ba.
Ni na raɗa musu nawa:
akwai mai yayyafi, akwai mai tsawa,
akwai wanda za ka rantse
mace ce ke kira daga ƙasan rijiya.

Ban je gidan rawa ba, ba kuma zan je ba.
Shekaruna hamsin da huɗu,
gwiwata ta hagu ma tana da nata ra'ayin.
Amma ga abin da ban faɗa wa Tanimu ba.

Washegari wuta ta dawo duk Garwa.
Na tada inji,
bel ya kama, haƙora suka soma juyawa,
sai na ji shi.
Dum, dum, dum, dum.
Shekara ashirin da biyu ina tsaye a gefensa
ina kiransa ƙara,
ina cusa auduga a kunne.
Ashe yana ta yi mini kiɗa,
ni kuwa ina jiran mai murya.

Yanzu in na zuba dawa
nakan ɗan tare mata hanya da tafi,
inji ya yi kukan yunwa, ya hau, ya hau,
sannan in sake ta
ta rufto.

Inna Dudu ta ce, Malam Gambo, gari ya yi laushi,
amma me ya sa kanka ke gyaɗawa
kamar ƙadangare a kan katanga?
Na ce, ƙuda ne, Inna.
Ta dubi ƙafata tana buga ƙasa,
ta ɗora kwanonta a ka,
ta ce, to, a gaishe da ƙudan.