Baƙo a Kan Teburina

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta awon riɗi a kasuwar Gadarif,
ni da kwamfutar nan mun san juna
kamar tsohon jaki da hanyar rijiya.
Ko na rufe ido, yatsana ya san inda za shi.

Ran Alhamis Muzammilu ya zo daga Madani,
ɗan ƙanwata, mai gilashi, mai saurin baki.
Ya ce, "Kawu, wannan manhajar ta mutu tun bara,
kai kaɗai ne ba ka je jana'iza ba."
Kafin in shanye jabana a rumfar Hajja Sakina
ya kwashe gidan kaf, ya kafa wani.
Wai ya fi sauri. Wai kyauta ne.
Ya bi motar la'asar ya bar ni da kyautar.

Asabar na kunna.
Ƙofar da na sani a ƙasa ta haye sama,
alamar rufewa ta yi ƙaura ba sallama,
kwandon shara ma ya canja unguwa.
Na kama linzami ina ja, ina ja,
kamar mai neman baƙar akuya a daren da babu wata.

Ga Alhaji Babikir a bakin rumfa,
motarsa na shan mai a banza,
yana son lissafin buhu ɗari uku da arba'in.
Ina tambayar akwati, akwati na tambayata:
kalmar sirri.
Na ba ta. Ta ce in sake.
Wane sirri kuma?
Sirrina ɗaya ne, kuma Alhaji ya gano shi:
ban san abin da nake dannawa ba.

Na rubuta Larabci, haruffa suka watse,
kowa ya ja gefe
kamar 'yan'uwa bayan rabon gado.
Na koma Hausa, ƙugiya ta ɓace.
Na ce ƙasa, ta rubuta kasa.
Ban yi musu ba. Na kasa ɗin.

Firinta, tsohuwar da ke tari amma tana aiki,
ta ce ba ta san sabon maigidan ba,
ta haɗiye takarda ta yi gum.

Da azahar allon ya yi shela:
ana sabuntawa, kada a kashe.
Ni kike gaya wa?
Gaya wa masu lantarki.
Kashi sittin da biyu cikin ɗari
wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
na ga fuskata a baƙin gilashi, gumi har gemu.

Na buga wa Muzammilu. Dariya.
"Abu mai sauƙi, Kawu."
Komai mai sauƙi ne a bakin wanda ke Madani.

Na jawo littafin babana daga ƙarƙashin sikeli,
bangonsa duk maiƙon riɗi,
na sallami Alhaji da biro da lissafin ka.

Da dare na tuna kakana.
Daga Katagum ya taso da ƙafa, Makka ya nufa,
damina ta tsare shi a nan, ya zauna.
Ya tarar gero ya canja suna,
ya nemi tuwo aka miƙo masa kisra,
ya yi shekara yana nuni da yatsa a kasuwa.
Bai koma ba.
Ni ko ina kukan baƙunta a kan kujerata.

Kwana tara ina lalube.
Ran na goma na danna wani ɗan hoto bisa kuskure,
sai ga Babikir, sai ga buhunansa,
ga bashin kaka biyu, ko fam bai ɓata ba.
Na duba sunan wurin da suka ɓuya:
wai Gida.

Na yi tsaki. Na aika a kawo jabana.
Firinta dai har yau ba ma magana.